Na Je Santambul Neman Jar Darar Kakana

Kakana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa cewa Istanbul ba. Santambul yake cewa, kuma duk abin da ya burge shi da inganci, ko tabarau ne ko dardumar sallah, sai ya ce kamar daga Santambul aka kawo. Yana da wata jar dara mai baƙin tuntu da ba ya sawa sai ranar Sallah, kuma mu yara an hana mu taɓa ta. Shi ya sa lokacin da Kawu, wanda yake da shago a Kantin Kwari kuma yakan je Istanbul ta ƙasar Turkiyya sayen abaya da yadin labule sau biyu a shekara, ya ce in raka shi in riƙe masa lissafi, ban tsaya shawara da kowa ba.

Biza ta ɗauki makonni. Mun bi mota zuwa Abuja, muka tashi a makon farko na Nuwamba 2024, tafiyar kusan awa bakwai. Jami'in da ya karɓi fasfona ya tambayi masauki da tikitin komawa, ya buga hatimi, shi ke nan. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Ina fita daga filin jirgin sanyi ya mare ni, kuma ba irin hunturunmu ba ne mai bushewa da fasa leɓe, shi da danshi yake zuwa ya ratsa riga har ƙashi.

Mun sauka a Laleli, unguwar 'yan kasuwa, a ɗaki mai gado biyu kan dala 50 har da karin kumallo. Karin kumallon ne ya fara gaya mini na bar gida: zaitun, cuku, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai da burodi, komai da sanyinsa. Kawu ya zaro robar yaji daga jaka ya ce, "Barbaɗa, ɗana, da sannu za ka saba." A titunan Laleli kuwa sai ka ji Rashanci a wannan ƙofa, Larabci a waccan, sai kwatsam ka ji wata Hajiya tana cewa "a rage mini" da Hausa tsantsa, mai shago yana kaɗa kai yana danna kalkuleta. Shagunan tura kaya suna nan birjik, an liƙa sunayen Kano da Yamai da Legas a gilashinsu.

Ba a fara ciniki sai an sha shayi. Ja ne wur, babu madara, a ɗan ƙaramin kofin gilashi mai siririn ƙugu, da ƙwayar sukari biyu a gefe. Ganyen a ƙasarsu ake noma shi, a Rize da ke gaɓar Baƙin Teku. Rana ta farko na sha bakwai, domin ƙin karɓa kamar ƙin amsa sallama ne. A lungu kofi lira 15 ne lokacin, kusa da wuraren 'yan yawon buɗe ido ya ninka sau uku. Dala ɗaya lokacin tana kusan lira 34, kuma kukan da masu shago suke yi na tsadar rayuwa, in ka rufe ido sai ka ɗauka a Kwari kake. Abincin da ya cece ni shi ne wanda suke kira kuru fasulye, farin wake a miyar tumatir da shinkafa a gefe, ɗan'uwan wake da shinkafarmu. Ana korawa da ayran, wato nono tsinkakke mai gishiri. Kurɓar farko na yamutsa fuska don sukari nake tsammani, amma kafin in bar ƙasar ni nake nemansa.

Tafintan Kawu wani ɗalibi ne ɗan Damagaram da yake karatun injiniya. Shi ya ce mini, "Yaya, in ka koma ba ka ga komai ba sai rasit, ai ba ka zo ba." Ranar Alhamis da yamma ya kai ni ganuwar birnin. An gina ta tun ƙarni na 5, da dutse da jan bulo, kuma ta tsare Ƙustanɗiniyya, wato Istanbul a tsohon sunanta, shekara dubu kafin Sarkin Turkawa Muhammadu Alfatih ya karya ta ranar 29 ga Mayu 1453, bayan ƙawanyar kwana 53, yana ɗan shekara 21. Rumawa sun datse bakin ruwan da ke shiga birnin da wata ƙatuwar sarƙa, shi kuma ya sa aka jawo jiragen ruwa ta kan tudu aka zuro su ta bayanta. Na dafa dutsen ina tuna badalar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, da yadda ake haƙe ƙasarta ana gini, ana zuba mata shara. Tasu ma akwai inda ta zube, akwai inda masu lambu suke noman latas a gindinta, amma ban ga inda aka yanka ta aka kafa shago ba. Abin ya tsaya mini a rai har dare.

Sallar Juma'a a Aya Sofiya na yi ta. Sarkin Rum Jastiniyan ne ya kammala ginin a 537 a matsayin coci, ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a 1934, aka dawo da sallah a cikinsa a Yulin 2020. 'Yan yawon buɗe ido suna biyan yuro 25 su hau bene, masu sallah kuma ƙofarsu daban, kyauta. Ka cire takalmi ka shiga, sai ka ɗaga kai, hular kanka ta nemi faɗuwa, domin ƙubbar ta haura mita 50 a sama. Manyan faifai masu ɗauke da sunan Allah da na Annabi (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini suna rataye, zanen Nana Maryam da ke saitin alƙibla kuma an kare shi da farin labule, ba a kankare ba. Da yake ba don alƙibla aka yi ginin ba, sahu a ɗan karkace yake tafiya. Yawancin Turkawa Hanafawa ne, ni kaɗai na saki hannu a sahunmu, dattijon da ke gefena ya kalle ni sau ɗaya bai ce komai ba. Bayan sallama da nafilfili ladan ya ja tasbihi, kowa yana bi, sai dattijon nan ya turo mini carbi a kan darduma. Da muka tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce "kardesh", ɗalibin ya ce mini ɗan'uwa ke nan.

Fadar Topkapi, gidan sarakunan Turkawa na da, kuɗin shigarta ya haura dala 40, na daɗe ina juya kuɗin a hannu kafin in biya. Ban yi nadama ba. Akwai sashen da aka ajiye kayayyakin da ake dangantawa ga Annabi (SAW) da sahabbai, takubba da akwatin mayafi da tsofaffin makullan Ka'aba, waɗanda suka fara zuwa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517. Mahaddaci yana zaune yana karatun Alƙur'ani, in ya gaji wani ya karɓa, dare da rana. A farfajiyar fadar ɗalibin ya tuna mini cewa jakadun Mai Idris Aloma na Barno sun zo birnin nan wajen Sarki Murad na Uku a shekarun 1570, kuma kwafin amsar da aka ba su yana nan a ma'ajiyar takardun daular. Ya ƙara da cewa a Agadas har yau ana ba da labarin cewa sarkinsu na farko ɗan Sarkin Santambul ne da Abzinawa suka je suka roƙo, shi ya sa ake ce wa gidan sarautar Istanbulawa. Ya ce, "Tarihin baka ne, Yaya, amma ka ga sunan bai zo mana a banza ba." Sai na gane kalmar da ke bakin kakana ta hamada ta biyo, a bayan raƙumi, tun kafin a san jirgin sama.

Jar dara kuwa na neme ta a Kapali Carshi, babbar kasuwa mai rufi da aka fara ginawa jim kaɗan bayan cin birnin, mai shaguna wajen 4,000, kamar a ɗauki Kurmi a lulluɓe ta da ƙubbobi. Na same ta, amma a shagon tsarabar baƙi, tsakanin makullan ado da kofuna, an yi ta da kwali da ɗan ƙyalle. Ban ga Baturke ko ɗaya sanye da ita ba sai masu sayar da askirim. Ashe tun 1925 aka kafa dokar da ta hana sa ta, aka ce a koma malafar Turawa. Hular da kakana yake girmamawa saboda Santambul, mutanen Santambul sun cire ta tun yana yaro ko ma kafin a haife shi, kuma bai taɓa sani ba. Na ajiye ta kwalin, ban saya ba.

Inda na ga dara ta gaske a maƙabarta ne. Ranar Asabar mun je Eyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi (SAW) a gidansa a Madina, ya rasu da tsufansa a yaƙin da aka kawo wa birnin nan. Wurin cike yake da iyalai, da yara maza sanye da fararen kaya da alkyabba kamar 'ya'yan sarki, waɗanda ake kawowa ziyara kafin a yi musu kaciya. Bayan masallacin tudu ne, kaburbura har sama, tsofaffin duwatsun an sassaƙa musu hular mamacin a kai: wannan rawani, wancan dara har da tuntunta, na mata kuma furanni. Rubutunsu duk da haruffan Larabci ne.

Ina tsaye ina karanta "Huwal Baƙi" a saman wani dutse, sai wani saurayi Baturke da ke kusa ya matso ya tambaya ko na iya karantawa. Na ce haruffan dai na sani tun makarantar allo, amma harshen ban sani ba. Ya ce shi kuma harshen nasa ne, haruffan ne bai sani ba. A 1928 Mustafa Kamal Ataturk, shugaban jamhuriyar Turkiyya na farko, ya sauya rubutun ƙasar zuwa haruffan Latin, cikin 'yan watanni jaridu da makarantu duk suka koma. Sai muka durƙusa gaban dutsen, ni ina haɗa baƙi ina furtawa, shi yana saurare yana lalubo ma'ana, ɗalibin yana fassara tsakaninmu. Babu wasali, don haka kalma ɗaya sai in gwada ta hanya uku kafin fuskarsa ta washe. Da ƙyar muka fitar da cewa marigayin magatakarda ne, kuma ana roƙa masa Fatiha. Muka karanta masa tare.

Na ce masa wannan asara ce babba. Bai yarda duka ba. Ya ce a wancan zamanin mutane ƙalilan ne suka iya karatu, kuma Turkanci yana da wasula takwas da haruffan Larabci ba sa bambantawa, yanzu kuwa kakarsa ma tana karanta jarida. Ban iya musa masa ba, domin ni ma da boko nake rubuta wannan. Amma ban fasa jin zafin abin ba, mutum ya tsaya kan kabarin kakansa sai baƙo ya karanta masa.

Ranar Lahadi 10 ga wata na bar Kawu da ɗaurin kaya, na ɗauki jaka ni kaɗai. Jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin Bosforus daga Turai zuwa Asiya bai kai dala ɗaya ba a lokacin, minti ashirin, tsuntsayen teku suna bin mu yara suna jefa musu gutsuren simit, burodin nan mai riɗi. Ƙasar kusan duk a Asiya take, kashi 3 cikin 100 kawai ke Turai. Ina sauka Kadikoy, ƙarfe 9:05 na safe daidai, sai jiniya ta ɗauka ko'ina, jiragen ruwa suka saki ƙaho. Gabana ya faɗi, na ɗauka girgizar ƙasa ce ko hari, na fara neman inda zan fake. Sai na ga babu mai gudu. Motoci sun tsaya a tsakiyar titi, direbobi sun fito sun ƙame, mai shara ya tsaya da tsintsiya a hannu, wata tsohuwa tana share hawaye. Da aka gama kowa ya ci gaba da harkarsa. A wannan minti ne Ataturk ya rasu a 1938, kuma duk shekara haka ake yi. Mutumin da ya kawar da halifanci a 1924, ya cire hula, ya sauya rubutu, shi ne dai wanda ya ƙwato musu ƙasar lokacin da Turawa suka rarraba ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Jiya na kwana ina jin haushinsa, yau ga tsohuwa mai ɗankwali tana yi masa kuka.

Jirgin ƙasa mai gudu ya kai ni Ankara cikin awa huɗu da wani abu. Na kwana ɗaya, na leƙa Anitkabir inda aka binne Ataturk, na wuce.

Motar zuwa Nebshehir, a yankin Kapadokiya, ta fi jirgin daɗi. Yaron mota yana bi kujera-kujera da shayi da biskit, yana tsiyaya wa kowa turaren lemo a tafin hannu. Mun wuce Tuz Golu, tafkin gishiri, fari fat har inda ido ya tsaya, na tuna kantun gishirin Bilma da ake wahalar ɗaukowa a raƙumi. Can gaba jandarmomi suka tsayar da mu. Jikina ya yi sanyi don ni kaɗai ne baƙar fata a motar, kuma na san yadda shinge yake ƙarewa a hanyoyinmu. Ɗaya ya shigo ya karɓi katin kowa, ya karɓi fasfona, ya duba biza, ya danna wata na'ura, ya miƙo mini. Minti biyar ba ta cika ba muka tashi, hannuna yana cikin aljihu riƙe da kuɗin da babu wanda ya tambaya.

Kapadokiya sai wanda ya gani. Tokar da duwatsu masu aman wuta irin Erjiyes suka zubar tun fil azal ta daskare ta zama dutse mai laushi, ruwa da iska suka sassaƙe shi ya zama kamar rumbuna dubbai masu tsini. Mutane suka fafe cikinsu suka yi ɗakuna da coci-coci da gidajen tantabaru, don kashin tantabara shi ne takinsu. Ɗakin da na kwana a Goreme ma a cikin dutse yake. Masu balan-balan ɗin da ke ɗaukar mutane sama sun nemi fiye da yuro 150, na ce a kai kasuwa. Bayan asuba na hau tudu cikin sanyin da ya sa yatsuna suka daina ji, na ga sun tashi sun fi a ƙirga, shiru, sai hucin wuta jefi-jefi.

Wahalar da na sha a Derinkuyu na sha ta. Gari ne sukutum a ƙarƙashin ƙasa, zurfinsa wajen mita 85, an sake gano shi a 1963 lokacin da wani mutum ya fasa bangon gidansa ya tarar da rami. Akwai turken dabbobi, rumbuna, rijiyoyi, makaranta, da ramukan shan iska. Kiristocin yankin a nan suke ɓuya in mahara sun zo, su mirgino wani ƙaton dutse mai kama da na niƙa su toshe hanya daga ciki. Hanyoyin sai ka duƙa, wani wurin kamar mai ruku'u, mutum a gabanka mutum a bayanka, babu juyawa. A hawa na biyar ko na shida numfashina ya sarƙe, gumi ya keto mini duk da sanyin. Na tsuguna kusa da ramin iska ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wani Baturke mai iyali ya tsaya tare da ni ya ba ni ruwa har na dawo daidai. Na yi ta tunanin irin tsoron da zai sa uwa ta shigo da jariri nan ta yi makonni.

A hanyar Konya na sauka Aksaray na shiga ƙaramar mota zuwa Sultanhani, masaukin fatake da Sarki Ala'uddin Kaikubad na Saljuƙawa ya gina a 1229. Ƙofar kaɗai an yi mata ado kamar aikin wuyan babbar riga. Ciki fili ne da ɗan masallaci a tsakiya an ɗaga shi a kan ginshiƙai, sai wani babban zaure na lokacin sanyi da mutane da raƙuma suke kwana tare. Irinsa a jere suke a hanya, tazarar tafiyar raƙumi ta yini guda, kuma baƙo yana da kwana uku kyauta, ci da sha da harawar dabba. Zango ke nan. Fatakenmu da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san wannan tsari sarai, sai dai namu zangon da zana da ƙasa aka yi, abin da ya rage sai suna a unguwannin Kumasi da Akara.

Wanda muka zauna tare a motar Konya dattijo ne daga Hatay. Da waya muka yi hira, yana magana tana fassarawa. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe fiye da mutum 50,000 a Turkiyya, ta ci matarsa da jikoki biyu, yanzu yana zaune wajen 'yarsa. Ya raba busasshen ɓauren da ke aljihunsa biyu ya ba ni rabi. Na ce masa "sabır", kalmar da na lura suna faɗa don haƙuri, ya ce "elhamdülillah". Irin waɗannan kalmomi da muka gada tare daga Larabci, dunya da zaman da haber da kalem, su suka yi ta buɗe mini ƙofa.

Konya shimfiɗaɗɗiya ce kamar ƙasar Kano, gonakin alkama da aka girbe da tsibin gwozar sukari a bakin hanya. Ita ce hedikwatar Saljuƙawa, Turkawan da asalinsu daga tsakiyar Asiya yake, suka kwararo Anadolu, wato ɓangaren Asiya na Turkiyya, bayan yaƙin Malazgird na 1071. A nan kabarin Maulana Jalaluddin Rumi yake, ƙarƙashin koriyar ƙubba, ya rasu 17 ga Disamba 1273. Zawiyarsa ma an rufe ta a 1925, shekarar da aka cire dara, aka mai da ita gidan tarihi, amma mutanen da na gani ciki hannu suke ɗagawa suna addu'a. Daren Asabar na kalli sema, zikirin juyi na mabiyan Maulana. Na saba da zikirin Ƙadiriyya da bandiri da ɗaga murya, wannan kuwa sarewa ce siririya, sai darwishai suka yar da baƙaƙen alkyabbu, suka fito da fararen kaya masu nufin likkafani da doguwar hula mai nufin dutsen kabari, suna juyi, tafin dama yana kallon sama na hagu yana kallon ƙasa. Da karatun Alƙur'ani aka rufe, kuma an roƙi kada kowa ya tafa.

Na koma Istanbul a jirgin ƙasa, muka auna kaya, muka dawo. Washegarin isowata na kai wa Inna tsarabar alewar lokum da carbi, na tambaye ta darar Malam, wato kakana. Ta ce tana cikin adakar da ke ƙuryar ɗaki, tare da gafakarsa. Darar asu ya huda ta wuri biyu, tuntun ya kakkarye. A gafakar akwai takardu masu yawa da ajami, wasiƙu da lissafin bashi da wata waƙa, gara ta ci gefen wasu. Na shimfiɗa su a tabarma na ɗauki hoton kowace da waya. Na karanta kusan rabi, sauran hannun ya fi ƙarfina. Akwai wani tsoho a bayan masallacin unguwarmu da suka yi karatu tare da Malam, idonsa ya yi rauni amma ya ce in zo ranar Alhamis bayan la'asar, in riƙa furtawa yana gyara mini.